Rigar da Baba Ya Rage Sau Biyu

Babanmu tela ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa. Sau-Ɗaya ake ce masa, saboda sau ɗaya yake auna mutum. Zai zagaya maka tef a ƙirji, ya dafe wurin da farcen babban yatsa, ya rubuta lambar da alli a jikin bangon shago, shi ke nan an gama. In ka ce ya sake dubawa, sai ya ɗago ya kalle ka ya ce, "Tsakanin ɗazu da yanzu ka ci wani abu ne?" In kuwa ka dawo bayan wata shida kana ƙorafin riga ta matse, amsarsa ɗaya ce: "Tef ba ya ƙiba, kai ka ƙara." Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan aiki, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Shagon ɗakin gaban gidanmu ne. Ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na buɗewa tsakar gida. A ciki akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka, da kwali cike da ƙyallaye, da babban almakashi wanda in ka yanka takarda da shi, ranar sai ka gwammace ba a haife ka ba. Ni ce autarsa. Na gado bakinsa tsaf, amma ban gado haƙurin zama kan keke ba. Tun rasuwar mahaifiyarmu, yayarsa, Goggo, ita ke riƙe da gidan. Maigidana direban babbar mota ne, in ya fita sai ya yi sati uku a hanya, don haka da na haifi ɗana na fari sai na tattara na koma wurinsu.

Akwai abin da na lura da shi tun ina da ciki, na ja bakina na yi shiru. Baba ya fara kirana in saka masa zare a allura. "Auta, zo ki saka min, hannuna da mai." Hannun kuwa fes. Ya kuma jawo keken har bakin ƙofar titi, wai shagon ya yi zafi. Na gane hasken yake bi, amma wa zai tari Sau-Ɗaya ya ce masa idonsa ya fara ja baya? Ba ni ba.

Da yaron ya cika sati uku, Baba ya sa na kwantar da shi a kan teburin yanka. Kwastoma yake kiransa. "Kwastoma, ɗaga hannu. Kai wane irin mutum ne, ana aunaka kana harbi?" Ya zagaya tef, ya dafe, ya je can ƙasan bango kusa da ƙofa ya rubuta: ƙirji, sha huɗu. Kafin la'asar ya ɗinka masa riguna huɗu na farin yadi mai laushi, duk iri ɗaya, da igiya a baya maimakon maɓalli don kada ya danne shi. Suka zauna masa cif-cif. Goggo ta ɗaga shi tana juyawa, tana cewa ko a kanti ba a samun irinsu.

Kwana uku bayan nan amai ya fara.

Da farko ɗan kaɗan ne, bayan ya sha nono. Goggo ta ce tumbuɗi ne, kowane jariri yana yi, ni ma na yi har sai da na ƙarar wa uwata da zannuwa. Ta nuna min yadda zan ɗora shi a kafaɗa ina shafa bayansa har ya yi gyatsa. Na yi. Ta ce in riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada in bari ya cika ciki. Na yi. Baba ya cusa ƙyallaye a cikin wani yadi ya yi masa matashi mai gangare, don kansa ya fi ƙafafunsa tudu. Duk muka yi, amma abin sai gaba yake.

Ni dai na san tumbuɗi, na ga na 'ya'yan yayyena. Tumbuɗi dalala yake yi ta gefen baki. Wannan kuwa feshi ne. Wata rana da hantsi ina zaune a kan benci a shago, na gama ba shi ke nan, sai ya ɗan yamutsa fuska, nonon ya fito da ƙarfi ya tsallake gwiwata ya sauka a kan ƙafar keken Baba. Baba ya janye ƙafarsa ya ce, "Kwastoma, in ɗinkin ne bai yi maka ba, ka faɗa da baki." Goggo ta yi dariya daga tsakar gida. Ni ban yi ba.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne, yana gama aman zai hau neman nono kamar wanda bai taɓa sha ba. Ya kama da ƙarfi, yana zuƙa yana kallona, minti goma ko sha biyar, sai duk ya dawo. In sake ba shi, ya sake dawowa. Babu zazzaɓi, babu gudawa. Goggo ta ce, "To kin gani? Yaro marar lafiya ba ya cin abinci haka. Haɗama ce irin ta ubansa."

Na ce mata, "Goggo, ni gani nake kamar yana ramewa."

Ta karɓe shi, ta sa yatsa biyu tsakanin rigar da ƙirjinsa, ta nuna min. "Duba nan. Yaron da ke ramewa riga takan yi masa yawa. Wannan yadda ta zauna ranar farko haka take yau. Rigar babanki ba ta ƙarya. Ke dai haihuwar fari ce ke damunki, ko atishawa ya yi sai ki ce asibiti."

Na duba, gaskiyarta. Rigar na nan cif-cif. Kuma ni a gidan nan na tashi, na san awon Baba ba ya motsi. Sai na yarda da riga, na ƙaryata idona. Duk lokacin da tsoro ya taso min, sai in sa yatsa biyu a wuyan rigar in ji ta daidai, in ce wa kaina ki natsu. Maigidana ya kira daga hanya yana tambaya, na ce masa tumbuɗi ne, Goggo ta ce zai wuce.

Haka muka ci kwana goma. A cikin kwanakin nan Baba ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da rana, in rigunan sun bushe a kan igiya, shi zai kwashe su ya kai shago, wai zai goge. Goggo har tsiya take masa, ta ce mutumin da bai taɓa ɗauke ko hular kansa daga igiya ba, ga shi jika ya mai da shi ɗan wanki da guga. Sai ya ce, "Babban kwastoma ne, ba a ba shi kaya a yamutse."

Ranar da abin ya fito, da safe ne, ina wanki a bakin famfo. Na lura nafkin ɗin da na tara tun jiya guda biyu ne kawai, su ma ba su jiƙe sosai ba, alhali da sai in cika igiya. Kukansa ma ya canza, ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. Ina cikin wannan tunani na juya ɗaya daga cikin rigunan ciki-waje don in cuɗa inda aman ya bushe. Sai na ga ɗinkin gefe.

Layi uku ne. Na farko a bakin yadi, inda ya kamata. Na biyu ya ɗan shigo ciki. Na uku ya ƙara shigowa, kuma zarensa bai kai sauran fari ba. Ban iya ɗinki ba, amma 'yar tela ce ni, na san abin da layi uku ke nufi. Na juya ɗaya gefen, haka. Na zaro sauran rigunan daga cikin kumfa, duk huɗun haka. An rage su, an kuma sake rage su.

Na ɗauki rigar tana ɗigar ruwa na shiga shago. Baba na kan keke, ya kusa manna fuskarsa da allura. Na shimfiɗa ta a kan yadin da yake ɗinkawa, abin da ban taɓa yi ba tun da nake.

"Baba, mene ne wannan?"

Ƙafarsa ta tsaya. Bai taɓa rigar ba, bai kuma kalle ni ba.

"Baba, kai ka rage su?"

Ya ce, "Sun yi masa yawa."

"Yaushe?"

"Ranar Talatar da ta wuce na ɗauke shi, na ji yadi na tattarewa a hannuna. Na ce to, na karanta tef ba daidai ba." Ya shafa kan keken. "Ranar Asabar na sake jin haka. Na ce ashe ragin ma ban yi shi daidai ba. Lambobin nan, Auta, sun fara haɗe min. Uku da huɗu duk ɗaya nake ganinsu. Na ce kada Goggonki ta gani ta sa ni a baki, mutane su ji."

Mutumin da ya shekara arba'in yana gaya wa mutane tef ba ya canzawa, su ne suka canza. Sau ɗaya tak da ya zargi kansa maimakon jikin da ya auna, sai ya zama a kan ɗana.

Na fizgi tef daga wuyansa na ruga ɗaki. Na tuɓe yaron tsirara a kan gado, na buɗe labule, na dube shi da idon da ban yarda na dube shi da shi ba duk kwanakin nan. Haƙarƙarinsa a jere. Fatar cinyarsa ta yi laushi ta tattare. Maɗigarsa, wurin nan mai taushi a tsakar kai, ta faɗa ciki har ina iya ganin ramin. Na zagaya tef a ƙirjinsa. Sha uku da ɗan ɗoriya. Jaririn da ya kamata a ce ya fi ƙarfin rigar, shi ne yake komawa baya.

Baba na tsaye a bakin ƙofa. Na juya na ce masa, "Ka gwammace ɗana ya mutu da a ce Sau-Ɗaya ya yi kuskure." Na san ba gaskiya ba ne tun kafin in rufe baki. Bai san abin da yake ɓoyewa ba, ya ɗauka tsufansa yake ɓoyewa. Amma na faɗa, kuma ya ji. Ya juya ya fita titi neman tasi, ko shagon bai rufe ba.

A cikin mota Goggo sai addu'a take, ta kasa haɗa ido da ni. Yaron na jikina, bai yi kuka ba, kuma shirun nan ya fi kukan tayar min da hankali. Kowane ɗan lokaci sai in kai yatsa ƙarƙashin hancinsa. Baba na gaba kusa da direba, da jiƙaƙƙiyar rigar a dunƙule a hannunsa.

A asibiti wata nas ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa na haihuwa, ta sake duba sikelin. Ta ɗauke shi da kanta ta wuce da mu gaban layi. Na san ba a tsallake layi da mai ƙaramin ciwo.

Likitar mace ce, ba ta fi ni shekaru da yawa ba. Ta tambaye ni launin aman, fari ne ko kore. Na ce fari, nono zalla. Ta ce feshi yake ko dalala. Na ce feshi. Ta sa na ba shi nono kaɗan, ta buɗe cikinsa tana kallo, sai ta nuna min wani abu yana tafiya a ƙarƙashin fatar daga hagu zuwa dama, kamar an tura ƙwallo a ƙarƙashin zane. Sannan ta ce, "Yaushe ya fara ramewa?"

Kwana goma ina riƙe da shi, ban sani ba.

Sai Baba ya matso. Ya warware rigar, ya juya ta, ya shimfiɗa a kan teburin likita a gaban nas da Goggo da kowa. Ya bi layukan da farce, da taɓi yake gane su. "Wannan ranar da na ɗinka, yana da sati uku. Wannan Talata, na cire rabin inci. Wannan Asabar, na ƙara cire rabi. Ni na rage, 'yata ba ta sani ba. Laifina ne." Likitar ta dube shi, ta dubi rigar, ta rubuta kwanakin a takarda.

Aka yi masa hoton ciki. Likita ta ce ƙofar da abinci ke bi ya fita daga tumbi ita ce namanta ya yi kauri ya matse, nono ya shiga amma ba hanyar wucewa. Ta ce ba abin da na ci ba ne, ba yadda nake riƙe shi ba ne, kuma ba gyatsa ko matashi da zai buɗe ta. Sai tiyata. Amma ba za a taɓa shi ba sai ruwan jikinsa ya dawo, don a yadda yake ba zai ɗauki maganin barci ba.

Na tambaye ta kai tsaye, "Zai rayu?"

Ta ce, "Aikin ƙarami ne, muna yinsa. Bushewar ce ta fi damuna. Da kun ƙara kwana biyu, da maganar ta canza."

Sau huɗu suka soka allura kafin su sami jijiya, a hannu, a ƙafa, jijiyoyin duk sun kwanta. Suka sa masa ƙarin ruwa, suka zura masa siririyar roba ta hanci, suka ce kada in ba shi nono ko ɗigo. Kwana biyu haka. Wannan shi ne abin da ya fi min wuya a duniya. Yana jin ƙamshina sai ya juyo da baki yana lalube, ƙirjina ya cika har yana zuba, ni kuma in ja da baya. Ina tatsa a kofi ina kuka. Tsoro kuwa ya hana ni zama, ya hana ni tsayuwa, idona na kan robar ruwan ina ƙirga ɗigo.

Baba bai shigo ɗakin ba. Yana kan benci a baranda tun safe har a kori masu dubiya. In na fito sai ya miƙe, in na wuce sai ya zauna. Ban yi masa magana ba. Ba fushi ba ne kawai, kunyar abin da na faɗa ma ta hana ni.

Ranar aikin, da hantsi suka karɓe shi daga hannuna a bakin wata ƙofa mai murfi biyu. Maigidana na hanya, bai iso ba tukuna. Na koma na zauna a kan bencin, ban ankara ba ashe kusa da Baba ne. Hannuwansa na kan gwiwa, ƙafarsa ta dama na motsi sama da ƙasa kamar yana taka keke. Muka zauna haka fiye da awa ɗaya. Duk wanda ya buɗo ƙofar nan sai in miƙe. Can Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In wani abu ya same shi, Auta, ba sai kin yafe min ba."

Na ce, "Baba, ka yi shiru, don Allah." Na kama hannun rigarsa na riƙe, kamar yadda nake yi ina yarinya in za mu tsallake titi.

Da likita ta fito, fuskarta na fara dubawa. Ta ce an gama, yana numfashi da kansa, sun ɗan tsaga naman da ya matse hanya ta buɗe. Goggo ta fashe da kuka. Baba kuwa ya miƙe ya ce, "Likita, ɗinkin fa? Kin bar masa wurin girma?" Ta yi dariya ta ce ta bari.

Da yamma suka ce in gwada ba shi kaɗan. Ya sha, na ɗora shi a kafaɗa, idona na kan agogon bango. Minti goma. Sha biyar. Ya ɗan yi tumbuɗi, na zabura, nas ta ce wannan ba komai, tumbuɗin gaske ne. Rabin awa. Awa ɗaya. Nonon ya zauna. Da nafkin ɗinsa ya jiƙe sharkaf, na ɗaga shi ina nuna wa Goggo kamar wadda ta ci kyauta.

Mun koma gida bayan kwana huɗu. Na daɗe ban daina tsoro ba, ko gyatsa ya yi sai na duba bango in ga ko ya fesa. Amma bayan sati biyu igiyar rigar ta fara gajarta a bayansa. Wata safiya Baba ya kira ni shago. Rigunan huɗu na kan tebur, a juye, ga reza a gefe.

Ya ce, "Layin Asabar za a farke. Ba na ganin zaren, Auta. Fari a kan fari, ba na gani. Ke farke."

Karo na farko ke nan da ya nemi in taimaka masa ba tare da ya ce hannunsa da mai ba. Na zauna a kan bencinsa na farke, yana gaya min in bi a hankali kada in ci yadi. Ina cikin yi na ce masa maganar da na faɗa ranar nan ba haka take a zuciyata ba. Ya ce ya sani, in kula da rezar. Bayan kwana goma muka farke layin Talata. Har yanzu in ka ɗaga rigunan a rana za ka ga ramukan allura, layi biyu kowane gefe.

An duba idon Baba, an ce yana ce ta rufe shi, za a cire. Kafin ranar ta zo, rigunan suka yi wa yaron kaɗan gaba ɗaya, Baba ya ce a kawo Kwastoma a yi masa sababbi. Na kwantar da shi a kan teburin yanka, yana ta harbi, ga ɗan tabon aikin a cikinsa. Baba ya zagaya tef, ya dafe da farce, ya miƙo min.

"Karanta min."

Na ce, "Sha biyar da rabi."

Ya ɗauki alli, ya nufi bango, sai ya tsaya. Ya dawo ya ajiye allin, ya sake warware tef ɗin.

"Ɗaga masa hannu," ya ce. "Mu sake aunawa."